Na Gama Aji Uku A Fiziks Amma Ji Nake Ban San Komai Ba Kan Nano, In Canza Kwas Ne?

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗaliba ce a wata jami'a a nan arewa, fiziks nake karanta, na gama aji uku zan shiga na ƙarshe. Tun ina aji biyu son injiniyancin nano ya shige min rai, a kansa nake burin yin masta. To kwanaki na zauna ina duba abin da ɗaliban wasu jami'o'in waje suke yi tun a digirin farko, na ga suna shiga wani ɗaki da riga ta musamman har da rufe kai da fuska suna haɗa abubuwa, ga na'urorin hangen atam, ga kemistiri ga rubuta kod, wallahi Anti jikina ya yi sanyi. Mu shekara uku muna ta lissafin ƙwallo a kan gangara da fendulum da madubi, wasu littattafan namu sun girmi babana, kwantum ɗin ma hanawut muka haddace muka zube a jarrabawa muka wuce. Na samu wani lakcaranmu na ce ina so furojek ɗina ya zama kan nano, sai ya yi dariya ya ce in fara iya abin da ke gabana tukuna, nan ba mu da kayan wannan. Yayana da ke biya min kuɗin makaranta ya ce dama ya faɗa fiziks ba inda zai kai mutum sai gaban allo, wai in canza zuwa injiniyan lantarki zai ci gaba da biya. Baba kuma ya ce in gama kawai in yi bautar ƙasa, maganar zuwa wata ƙasa ni kaɗai bai ma taso ba. Sakamakona ba laifi, tu-wan ne mai ƙarfi. Anti shin shekara ukun nan asara na yi? In bi maganar Yaya ko in haƙura da nano ɗin gaba ɗaya?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da abin da ya fi ci miki rai don ki samu ki karanta sauran da natsuwa: ba asara kika yi ba, kuma ni dai ban ga dalilin da za ki ajiye digirin da saura shekara ɗaya ki karɓa ba. Amma kuma ba zan ce miki ƙorafinki ba shi da tushe ba, yana da shi sosai, sanyin jikin nan da kika ji duk ɗalibin da ya damu da karatunsa sai ya ji shi ranar da ya leƙa ya ga yadda ake yi a wani wuri. Wanda bai damu ba ai ko leƙawar ba zai yi ba. Abin da nake so mu yi shi ne mu raba abin da fiziks ya riga ya ba ki ba ki lura ba, da abin da bai ba ki ba kuma ba zai taɓa ba ki ba ko a Amurka kike karanta shi, sai ki san ainihin girman giɓin, don a yanzu tsoro ya sa kina ganin sa ya fi yadda yake.

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin silin gashi kan kai wajen nanomita 80,000, kuma aikin nano yawanci tsakanin nanomita 1 zuwa 100 ake yin sa. Me ya sa aka ware wannan girman aka ba shi fanni na kansa? Saboda abu biyu suna canzawa idan abu ya ƙanƙance haka. Na farko fuskarsa ta waje tana rinjayar cikinsa. Kin san yadda dakakkiyar kanwa take saurin narkewa a ruwa fiye da dunƙule, to wannan ne amma a kai shi maƙura. Ki ɗauki ɗan murabba'in dunƙule mai santimita ɗaya kowane gefe, fuskarsa duka santimita murabba'i 6 ce, ki yanyanka shi zuwa 'yan dunƙulaye masu nanomita 10, fuskar ta koma mita murabba'i 600, alhali nauyin bai ƙaru ko kaɗan ba. Ki zauna ki yi lissafin da kanki, layi uku ne. Na biyun kuma shi ne elektiron yana daina bin dokokin ƙwallo a kan gangara ya koma bin na kwantum, wato dokokin da ƙananan abubuwa irin atam suke bi, a nan ne launi da yadda abu yake ɗaukar lantarki suke fara dogara da girmansa. Zinare ma da kowa ya sani da ruwan ɗorawa, idan aka mai da shi ƙwayoyin nano a cikin ruwa ja yake komawa, kuma Michael Faraday ya haɗa irin wannan ruwan zinaren ya yi bayaninsa tun 1857.

Yanzu ki ɗauko hanawut ɗin kwantum ɗin nan da kika ce kin haddace. Na tabbata akwai lissafin ƙwayar da aka kulle a akwati a ciki, wanda a ƙarshe ake samun matakan kuzari suna tafiya da ɗaya bisa tsawon akwatin sau kansa, wato akwati na raguwa tazarar matakai na ƙaruwa. Ku kun ɗauke shi tambayar jarrabawa ce mai maki goma. To ƙanwata wannan lissafin shi ne zuciyar abin da ake kira ɗigon kwantum, 'yan ƙwayoyin kiristal masu nanomita kaɗan waɗanda sinadarinsu ɗaya ne amma ƙanana su ba da haske shuɗi ko kore manya su ba da ja, su ne a cikin talabijin ɗin QLED, kuma a kansu aka ba Moungi Bawendi da Louis Brus da Aleksey Yekimov kyautar Nobel ta kemistiri a 2023. Sannan a shafi na gaba akwai lissafin yadda elektiron yake ratsa katangar da a ƙa'ida ba shi da ƙarfin tsallake ta. Da wannan Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera na'urar hangen atam a ɗakin binciken IBM na Zurik a 1981, allura ce mai tsini ake kusanto da ita kan abu ba tare da ta taɓa ba, idan tazarar ta ƙaru da kashi ɗaya cikin goma na nanomita kawai lantarkin da ke ratsawa sai ya ragu kusan ninki goma, shi ya sa take iya bambance atam da atam. Filas ɗin da kike ajiye asainmen a ciki ma da wannan ratsawar yake rubuta bayanai. Kin ga kenan kin riga kin bi ta kan tushen, sai dai ba wanda ya tsaya ya ce muku ga inda yake aiki, ke ma kuma haddar ta hana ki tambaya.

Inda kike da gaskiya kuwa shi ne tsarin koyarwar da littattafan. Digirin fiziks kusan ko'ina a duniya bin tarihi yake yi, a fara da Niyuton, a zo zafi da haske da lantarki, sai ɗalibi ya kusa fita sannan a kawo kwantum da ilimin daskararrun abubuwa a gurguje, waɗanda su ne mai son nano ya fi buƙata. Littattafan kuma son abu mai tsafta suke yi don lissafi ya fita, kiristal ɗin da ke cikinsu ba shi da iyaka, ba shi da fuska, ba datti ba tsaga, alhali a nano fuskar da dattin su ne labarin gaba ɗaya. Littafin Kittel na solid sitet, wato ilimin daskararrun abubuwan nan, da kusan kowane sashen fiziks yake amfani da shi ya fara fitowa a 1953, sai a bugu na takwas aka sa masa babi na musamman kan abubuwan nano, shi ma can wajen ƙarshen littafin, inda semesta ba ta taɓa kaiwa, balle irin tamu da yajin aiki yake cinye rabinta. Tsufan littafi ba shi ne aibin ba, lissafin Shirodinga da kwantum ya ginu a kansa bai canza ba, aibin shi ne an tsaya inda littafin ya tsaya. Haka kuma an cika ku da nauyi da gogayya, amma ƙarfin jan da ke tsakanin ƙwayoyi, na fan da Wals, layi biyu ake ba shi a wuce, kuma a ƙaramin girma shi ne sarki, nauyi ba ya wani tasiri. Tsaka da kike gani tana yawo a silin ba gam ba ne a ƙafarta, miliyoyin 'yan gashi ne masu rassa ƙanana ƙwarai suke manne mata da wannan ƙarfin.

Bayan wannan akwai abubuwan da fiziks bai ma yi alkawarin ba ki su ba. Kemistiri, don yawancin ƙwayoyin nano a kwalba ake dafa su, kuma wanda bai san me ke sa su dunƙule ko su watse a ruwa ba zai sha wuya. Hannu, wato ki haɗa samfur da kanki ki auna shi ki gane ko na'ura gaskiya take gaya miki. Kwamfuta. Sai kuma tunanin injiniya wanda ya sha bamban da na masanin fiziks, shi masanin fiziks idan abu ya yi aiki sau ɗaya ya gane dalili ya gama, injiniya kuwa tambayarsa ita ce cikin dubu nawa za su yi aiki, nawa ne kuɗin kowane ɗaya, zai jure zafi da ƙura na shekara nawa. Wannan giɓin na gaske ne. Amma ki sani wanda ya fito daga kemistiri shi ma yana kuka da kwantum, na lantarki yana kuka da kemistiri, kowa da gurguwar ƙafarsa yake shiga nano, kuma a ganina taki ta fi sauƙin gyara, don koyon aiki da na'ura wata biyu ko uku ne, amma kwantum da lissafinsa ba a tsintar su a wata uku.

Ɗakin nan mai tsabta da ya tayar miki da hankali, ba wanda ake bari ya shiga sai an ba shi horo a wurin, ko da daga wace jami'a ya zo, don ƙura ɗaya tana iya lalata aikin sati guda. Su ma sun san ɗaliban masta daga fannoni daban-daban suke zuwa. Fannin ma a matsayin digiri sabo ne, sashen injiniyancin nano na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sai a 2007 aka buɗe shi, waɗanda suka gina fannin duk ba su da takardar nano. Andre Geim da Konstantin Novoselov masana fiziks ne, a Manchesta a 2004 da salatef suka dinga ɓare girafait, wato sinadarin da ke bakin fensir, har suka samu shimfiɗa mai kaurin atam ɗaya da ake kira girafin, suka karɓi Nobel a 2010. Bawendi ɗin da na ambata kuwa shi da bakinsa ya ba da labarin jarrabawarsa ta farko ta kemistiri a Harbad, 20 ya ci cikin 100.

Mu zo kan malaminki. Dariyar ba ta kyautu ba, ɗalibi ya zo da ƙishirwa bai kamata a sallame shi haka ba. Sai dai ki ɗan tsaya a inda yake tsaye, duk shekara ɗalibai suna zuwa masa da manyan sunaye da suka gani a intanet, ya amince, a zo tsakiyar semesta ba sinadari ba wuta ba kuɗin gwaji, ƙarshe a kwafo aikin wani a kawo masa ya sa hannu. Ke kuma kin je masa da kalma ɗaya, nano, ba ki je da aiki ba. Ki koma da takarda shafi ɗaya tak, ga tambayar da nake son amsawa, ga kayan da nake buƙata da inda za a same su, ga kuɗin, ga abin da zan yi idan kaza bai samu ba. Idan ya sake kaucewa kar ki yi jayayya, ki nemi wani a sashen cikin ladabi, sau da yawa matasan lakcarorin da suka dawo daga karatu a Maleshiya ko Indiya ko Saudiyya a irin wannan fannin suka yi digirin digirgir kuma neman ɗalibi mai himma suke yi. Ki leƙa sashen kemistiri ma, ana iya haɗa sufabaiza biyu.

Furojek ɗin kuma akwai waɗanda ake iya yi a nan. Akwai ƙwayar sola mai amfani da rini, wadda O'Regan da Grätzel suka fito da ita a 1991, ana shafa garin titaniyam dayoksaid a kan gilashi mai ɗaukar lantarki, a gasa shi, a jiƙa shi a rini, ɗaya gilashin a shafa masa baƙin fensir ko hayaƙin kyandir, a ɗiga ruwan ayodin a tsakani a matse da kilif, ki fita rana da mita ki ga allura ta motsa. Rinin kuwa zoɓo ko lalle, an sha yin haka a jami'o'inmu. Ƙarfin da take bayarwa da rinin ganye kaɗan ne, yawanci ba ya kai 1 cikin 100, amma ba ƙarfin ake nema ba, ganewar ake nema. Akwai kuma haɗa ƙwayoyin azurfa da ruwan ganyen darbejiya ko zogale, kina kallo ruwan zai juya daga fari zuwa ruwan ɗorawa zuwa ruwan ƙasa, ki sa a na'urar auna shan haske ki ga tudu a wajen nanomita 400 zuwa 450, in an samu gwajin eksire ki fitar da girman ƙwayoyin da lissafin Shera. Amma in gaya miki gaskiya waɗannan biyun an yi su har an gaji, mai duba takardar neman masta ya ga irinsu ba adadi, abin da zai bambanta naki shi ne tsafta, ki canza abu ɗaya kawai a lokaci ɗaya, ki maimaita kowane gwaji, ki rubuta kuskuren awo, wanda bai yi ba ma ki rubuta shi. Kuma dan Allah a lab, da safar hannu da takunkumi, ba a kicin ɗin Mama ba, sinadarin azurfa yana ƙona fata ya bar baƙi, garin nano kuma ba abin shaƙa ba ne.

In da ni ce ke kuwa, hanyar kwamfuta zan bi, ko in haɗa ta da ɗaya cikin waɗancan. Dalili, ba ta jiran sinadari daga Legas, ba ta jiran a gyara na'ura, laftof da caji kawai take so, kuma ita ce ta fi amfani da abin da kika riga kika fi wasu, wato lissafi. Akwai manhajar Quantum ESPRESSO kyauta ce, da ita masu bincike a duniya suke lissafa yadda elektiron yake zama a cikin abu, ƙaramin aiki irin na silikon laftof na gida yana ɗauka. Ki fara da shi, za ki ga tazarar matakan kuzarin elektiron a silikon ta fito miki wajen 0.6 a ma'aunin kuzari na eV alhali a gwaji 1.1 ce, kar ki firgita ba ke kika yi kuskure ba, sanannen rauni ne na hanyar lissafin, kuma ranar da kika iya bayanin dalilinsa kin wuce ɗaliban masta da yawa. Daga nan ki koma girafin ko wata shimfiɗa mai siriri. Akwai kuma nanoHUB na Jami'ar Purdue inda ake gwada tiransista da ɗigon kwantum a cikin burauza kyauta. Python kuwa, wato yaren rubuta kod, ki fara shi a wannan hutun, aikin farko ki sa ya zana miki matakan ƙwayar cikin akwati kina canza tsawon kina ganin launin da zai fita, a nan haddar za ta koma fahimta.

Sannan kwantum ɗin da solid sitet da lissafin zafi na ƙididdiga ki sake bin su da kanki, wannan karon da biro da takarda kina warware tambayoyin ƙarshen babi, wanda bai warware tambaya ba bai karanta fiziks ba ko ya haddace littafin. Darussan MIT OpenCourseWare da na NPTEL na Indiya suna nan kyauta, na Indiyan ma sun fi kusa da yadda ake koyar da mu, ki sauke su da datar dare. In tsarin jami'arku ya ba da dama ki ɗauki kwas ɗin zaɓi a fizikal kemistiri, in bai bayar ba ki roƙi malamin ki dinga zama a baya kina saurare. Kar ki ce za ki yi duka lokaci ɗaya fa, ajin ƙarshe ne, tu-wan ɗin nan shi ne jarinki kar ya zame garin neman nano.

Yayanki kuma, kar ki ɗauke shi maƙiyin burinki, mutumin da yake cire kuɗi daga aljihunsa duk semesta yana da haƙƙin tambayar ina aka dosa. Kuma rabin maganarsa gaskiya ce, a Najeriya ba mu da masana'antar ƙera cif, aikin nano a nan yawanci a jami'a ne da cibiyoyin bincike irin na Sheda da ke Abuja, wanda ya ce miki ana rububin ɗaukar masu nano a kamfanoni ya yaudare ki. Amma ku yi lissafi tare. Injiniyanci shekara biyar ne, mai canza kwas yawanci aji biyu ake mai da shi, wato shekara huɗu nan gaba in ba yajin aiki, ki fito da digiri ɗaya. In kika tsaya kuwa shekara ɗaya ki gama, ɗaya bautar ƙasa, biyu masta, a shekara huɗun nan dai kina da digiri biyu. Sannan lantarkin da ake koyarwa a nan ya fi karkata ga wutar gari da injina da sadarwa, kwantum ɗin da ke ciki bai kai naku ba, don haka in don nano ne canjin baya ma zai mai da ke. Wuri ɗaya ne maganarsa take da nauyi, idan abin da kike so a ranki shi ne a kira ki injiniya mai rijista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rijista a Najeriya, ki yi aiki a kamfanin wuta ko na sadarwa, to wannan digirin injiniyanci yake so, kuma ko shi ɗin gara ki gama wannan ki shiga da takardarki ta dairek entiri. Ki tambayi kanki wannan da gaske. Idan za ki yi masa magana kar ki je da labarin Nobel, ki je da lissafin shekarun nan, ki kuma nuna masa kod da nazarin bayanai da za ki koya suna kawo abinci ko nano bai yiwu ba, abin da yake son ji kenan, cewa ba za ki dawo ki zauna ba.

Baba kuwa ni ban ji ya hana ki ba, cewa ya yi ki gama ki yi bautar ƙasa, kuma ko ni abin da zan ce kenan, don sikolashif da yawa na gida sai da takardar bautar ƙasar. Ba yanzu ne lokacin buɗe rigimar tafiya ba tunda ba takardar gurbi a hannunki, rigima a kan abin da bai zo ba taurara zuciya kawai take yi. Tsoronsa na uba ne ga 'yarsa, ki girmama shi. Ki dinga nuna masa aikinki a hankali, ki jawo Mama ko wani kawu da yake jin maganarsa tun yanzu. Kuma ba lallai sai Turai ba, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, AUST, tana da karatun gaba da digiri a kimiyyar kayayyaki da injiniyancinsu, wanda nano a cikinsa yake zaune. Akwai KAUST a Saudiyya, a Thuwal arewa da Jidda, suna da kayan aiki na gani na faɗa kuma wanda suka ɗauka su suke ɗaukar nauyinsa, na san iyaye da yawa da hankalinsu zai fi kwanciya da jin sunan wannan ƙasar, sai dai shigar tana da wuya. Akwai difloma ta shekara ɗaya a cibiyar ICTP da ke Tiriyeste a Italiya wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, don ɗaliban ƙasashe masu tasowa aka yi ta, sun fi ɗaukar mai masta amma mai digirin farko da ya yi fice ma yana nema. Ga sikolashif ɗin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, ga na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya. Ki yi istihara idan lokacin zaɓi ya zo.

Abu ɗaya kuma da zan ja kunnenki a kai, ki daina cewa ina son nano haka kawai, faɗinsa ya yi yawa. Mai ƙera tiransista da mai haɗa ƙwayoyin kitse da suka ɗauki allurar korona ta mRNA da mai yin matatar ruwa da mai gyara batir duk nano suke yi, amma ko yaren juna ba sa ji sosai. Ki zaɓi matsala, sola ce ko batir ko ruwan sha ko cif, ita za ta gaya miki wane kemistiri za ki koya da wane malami za ki rubuta wa. Lokacin neman gurbi ma kar ki tsaya kan mai suna nano kaɗai, ki duba kimiyyar kayayyaki, fiziks na aikace, da ƙananan lantarki, sau da yawa aikin ɗaya ne suna ne daban. Kuma ki guji mujallun nan da ake biya a buga takarda cikin kwana uku, masu duba takardu sun san su, sun fi rage miki daraja a kan ƙara ta.

Tiranskirif ki fara bin sa da zarar sakamakon ƙarshe ya fita, kin san yadda yake jan ƙafa, fasfo ma ki yi shi lokacin bautar ƙasa. Za ki buƙaci wasiƙar shaida daga malamai biyu ko uku da suka san aikinki ba fuskarki kawai ba, don haka malamin nan da ya yi dariya kar ki yanke gaisuwa da shi, ki ci kwas ɗinsa da kyau. Ki rubuto min ki gaya min irin laftof ɗin da kike da shi da ko sashen kemistirinku yana da na'urar auna shan haske mai aiki, sai mu tsayar da wanda ya fi dacewa cikin furojek ɗin kafin a fara rabon sufabaiza. Allah ya yi miki jagora, ki gaida Baba da Yaya.